Tambayoyi da amsoshi kan zaɓe, ƙuri'a da abin da ake kira ra'ayin jama'a a Najeriya

Duk lokacin da kakar zaɓe ta matso tambayoyin nan ne suke dawowa, a majalisar dare, a guruf ɗin WhatsApp na dangi, a cikin a-daidaita-sahu, kuma yawanci wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ake ɗauka ya fi kowa sani. Shi ya sa na tara su wuri guda. Mafi yawan alƙaluman na zaɓen 2023 ne da waɗanda suka gabace shi, dokar da zan riƙa ambata kuma ita ce dokar zaɓe ta 2022 wadda aka yi wancan zaɓen da ita.

Wai tsakani da Allah ƙuri'ata tana da wani amfani? Ba an riga an rubuta sakamako tun kafin a fita ba?

Ana maguɗi, wannan babu mai hankalin da zai musa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya faɗa ranar da aka rantsar da shi a 2007 cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, har ya kafa kwamitin mai shari'a Uwais don a gyara. Amma a ce komai a rubuce yake, toh lissafin ba ya fita. In da haka ne Goodluck Jonathan yana kan kujera, da sojoji da 'yan sanda da baitulmali a hannunsa, ba zai faɗi a 2015 ba, Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4 shi kuma miliyan 12.8, ya ɗaga waya ya taya shi murna tun ba a gama sanarwa ba. Kwankwaso yana gwamna Shekarau ya kayar da shi a 2003. A 2019 gwamnan Bauchi da na Adamawa duk sun sha ƙasa suna kan mulki. A 2023 Matawalle ya faɗi a Zamfara, Tinubu ya rasa Legas ɗin da ake cewa a aljihunsa take, Obi ya haura shi da ƙuri'a kusan dubu 10, Katsina kuma jihar shugaban ƙasa mai ci Atiku ne ya ɗauke ta. Akwai gwamnonin da suka nemi sanata a shekarar aka hana su, irin su Ortom na Binuwai da Ayade na Kuros Riba.

Abin da na lura da shi shi ne maguɗi ya fi samun wurin zama a inda tazara ta yi kaɗan ko inda mutane ba su fito ba. Sauya ƙuri'a dubu 10 abu ne mai sauƙi ga mai ƙarfi, sauya dubu 300 a gaban jama'ar da suka tsaya aka ƙirga a idonsu kuwa aiki ne ja.

Mutum nawa ne ma suke fita zaɓen?

Nan ne abin kunyar yake. A 2023 mutum miliyan 93.4 ne a rajistar INEC, miliyan 87 da ɗoriya sun karɓi kati, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ba su cika miliyan 25 ba, wato kashi 27 cikin 100. A 2003 kashi 69 ne, 2015 ya sauko 44, 2019 ya koma 35. Tinubu ya ci da ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Ka ga kenan wanda ke mulkin mutum fiye da miliyan 200 bai samu ko kashi 10 na masu rajista ba, kuma ba laifinsa ba ne, haka dokar take, waɗanda suka fito su ake ƙirgawa.

Amma a yi adalci, alƙaluman baya ma akwai aringizo a ciki, lokacin da babu na'ura ana iya dangwale takardun rumfa gaba ɗaya a ce kowa ya fito, don haka wani ɓangare na saukar nan gaskiya ce ta fara fitowa. Sannan rajistar kanta cike take da mamata da waɗanda suka yi ƙaura. Ga kuma wahalar takardun kuɗi da aka shiga a farkon 2023 saboda sauya fasalin naira, mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na motar zuwa garinsu inda katinsa yake.

Amma a Facebook da TikTok kowa ɗan takararmu yake so, taronmu ma ya fi na kowa cika, ya aka yi aka ce ya faɗi?

Saboda abin da kake gani a wayarka ba jama'a ba ne, abokanka ne. Manhajojin nan an gina su ne su riƙa kawo maka irin abin da ka saba dannawa, kai kuma da kanka ka toshe waɗanda suke ɓata maka rai, sai ka wayi gari duk inda ka duba mutanenku ne. Tsohuwar da ke ƙauyen Gwarzo ko Illela ba ta da data, ba ta taɓa rubuta kwament ba, amma ƙarfe 8 na safe tana kan layi da katinta a ƙulle a bakin zani, shi kuma mai mabiya dubu 50 wataƙila katinsa na can garin da ya yi makaranta bai taɓa dawo da shi ba. Ƙuri'arta ɗaya, tasa babu.

Taro kuwa kowa ya san yadda ake cika fili. Mota ake bayarwa da kuɗin mai da na abinci, kuma matasan da suka cika taron wannan jam'iyya ranar Talata da yawansu su ne a na waccan ranar Alhamis, hula kawai suka canza. Wasu ma kallon mawaƙi suka zo. Sojojin baka na rediyo su ma aikinsu kenan, su sa ka ji kamar gari ya gama yanke hukunci. Ra'ayin jama'a na gaske yawancinsa shiru yake, sai an bi shi an tambaya ko kuma ranar zaɓe ya fito da kansa.

Ita ƙuri'ar jin ra'ayi fa, ta yaya za a tambayi mutum 2,000 a ce an san zuciyar ƙasa gaba ɗaya? Ni dai ba a taɓa tambayata ba.

Je ka kasuwar Dawanau ka ga mai sayen masara. Ba ya zazzage buhu, soka shi yake yi ya zaro 'yar kaɗan a tafin hannu ya duba, kuma in gwani ne ba a baki kawai zai soka ba, zai soka tsakiya da gindi don ya san ana jera mai kyau a sama. Haka aikin yake. Yawan mutanen ba shi ne abin dubawa na farko ba, yadda aka zaɓo su ne. In aka zaɓo mutum 1,000 ta hanyar da kowane ɗan ƙasa yake da damar faɗowa a ciki, birni da ƙauye, mace da namiji, mai waya da marar waya, lissafi ya nuna kuskuren da za a samu bai fi maki 3 sama ko ƙasa ba a mafi yawan lokuta. Wannan yana nufin in aka ce wane yana da kashi 41 wane 39, toh ba a ce komai ba, kunnen doki ne.

Labarin da malaman fannin suke yawan bayarwa na Amurka ne a 1936. Wata mujalla ta aika takardu miliyan 10, mutum fiye da miliyan 2 suka maido da amsa, ta ce ɗan takara Landon ne zai kayar da shugaba mai ci Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Ashe sunayen daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka damu su maido da amsar yawanci masu haushin gwamnati ne. Wani mai binciken ra'ayi George Gallup kuwa, da ya tambayi mutane ƙalilan in aka kwatanta, hasashensa ya zo daidai.

Wadda ake yi a shafin sada zumunta kuwa, danna A ko B, wannan wasa ne, mutum ɗaya na iya shiga da asusu biyar ya kuma kira 'yan guruf ɗinsu.

To me ya sa waɗanda aka yi kafin 2023 da yawa suka nuna Obi a gaba?

Haka ne, na gidauniyar ANAP da kamfanin NOI suka gudanar da wasu da dama Obi suka sa a gaba. Amma mutane kanun labari kawai suka karanta. A cikin rahotannin ANAP ɗin kusan rabin waɗanda aka tambaya cewa suka yi ba su yanke shawara ba ko kuma suka ƙi faɗa, kuma binciken da rabin mutanensa suka yi gum ba ya iya gaya maka wanda zai ci. Sannan yawanci ta waya aka yi, wanda hakan ke rinjayar da abin wajen 'yan birni da masu boko. Mutumin karkara in baƙuwar lamba ta kira shi tana tambayar wa zai zaɓa, ba lallai ya faɗi gaskiya ba, yana tunanin ko daga gidan gwamnati ne. Wani abin kuma, faɗin wanda kake so daban, fita ka yi awa huɗu a rana daban. Kamfanin Stears ya faɗa tun kafin zaɓe cewa in mutane suka fito da yawa Obi ne, in fitowar ta yi ƙasa Tinubu ne, fitowar kuwa ta yi ƙasa.

Duk da haka binciken bai tashi a banza ba, ya hango cewa mutumin da 'yan siyasa ke wa dariyar ba shi da ko kansila zai tara miliyoyi, ya kuwa tara. In ka ga irin wannan rahoto ka tambayi wa ya biya kuɗinsa, mutum nawa aka tambaya, ta wace hanya, da wane harshe, kuma yaushe. Wanda ya ɓoye waɗannan farfaganda yake yi.

Wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne ya ci, ko akwai wani sharaɗi?

A kujerar majalisa haka ne, ko da ƙuri'a ɗaya ka fi ka ci. Shugaban ƙasa kuwa sashe na 134 na tsarin mulki ya ɗora masa abu biyu, ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi 25 a kashi biyu bisa uku na jihohi 36 da Abuja. Gwamna ma haka a ƙananan hukumomin jiharsa. Hikimar ita ce kada wani ya tattara ƙuri'ar yankinsu kaɗai ya hau. In babu wanda ya cika sai a je zagaye na biyu, abin da bai taɓa faruwa ba a zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya, saɓanin Nijar inda kafin juyin mulkin 2023 dole sai ka haura kashi 50, shi ya sa Bazoum da Mahamane Ousmane suka sake karawa a Fabrairun 2021.

Sharaɗin nan ya taɓa haifar da rigimar da har yau ake koyarwa a ajin lauyoyi, kuma a kan Kano aka yi ta. A 1979 jihohi 19 ne, Shagari ya samu kashi 25 a jihohi 12, a Kano kuma inda PRP ta Malam Aminu Kano ta mamaye ya tsaya a kashi 19.94. Awolowo ya ce biyu bisa uku na 19 ai 13 ne tunda ba a raba jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a 12 ne da biyu bisa uku, don haka kwata na biyu bisa ukun ƙuri'un Kano kawai ake buƙata. Kotun ƙoli ta bi bayansa. A 2023 ma an yi irinta a kan Abuja da Tinubu bai kai kashi 25 ba, kotun ƙoli a watan Oktoba ta ce Abuja ba ta fi sauran jihohi ba.

Katina ya ɓata, ko na tashi daga garin da na yi rajista. Sai na sake sabo?

Kar ka kuskura. Rajista sau biyu laifi ne, kuma na'urar tana gane yatsa da fuska, kafin zaɓen 2023 INEC ta goge sababbin rajista kusan miliyan 2.8 yawancinsu saboda haka. Ofishin INEC na ƙaramar hukumarku za ka je lokacin da aka buɗe rajista ka nemi a sake maka kati ko a mayar da kai rumfar da ke kusa da gidanka. Sabuwar rajista ta wanda ya cika shekara 18 ne bai taɓa yi ba. Kuma a yi da wuri, mu mun iya jira sai saura kwana uku a rufe sannan a je a yi ta turereniya ana zagin ma'aikata.

Ranar zaɓen me zan tarar, kuma me ke lalata ƙuri'a?

A 2023 rumfuna 176,846 ne a ƙasar, ana buɗewa 8:30 na safe a ƙa'ida, duk wanda 2:30 ta same shi a layi sai ya yi zaɓe ko da dare zai kai. Za ka miƙa kati, a duba yatsanka ko fuskarka a na'ura, a duba sunanka a rajista, a shafa maka tawada a farce, a ba ka takarda. Tsofaffi da masu juna biyu da masu buƙata ta musamman ana sa su gaba, kuma doka ta yarda a raba layin maza da mata.

Abu biyu za ka kula da su. Na farko ka juya bayan takardar ka tabbatar jami'in ya buga hatimi ya sa hannu da kwanan wata, kar ka ga kamar ƙaramin abu ne, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a 2023 ta zare wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 a kan wannan maganar, sai a Janairun 2024 kotun ƙoli ta mayar masa. Na biyu dangwalen, a cikin akwatin jam'iyya ɗaya, kar tawada ta yi yawa, kuma ka naɗe takardar a tsaye yadda jiƙaƙƙen wurin ba zai taɓa wata jam'iyya ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'a fiye da dubu 900 aka jefar a matsayin lalatattu, na 2019 da 'yan takara 73 suka cika takarda kuwa sun haura miliyan ɗaya. Mutane ne fa suka sha rana suka koma gida suna ganin sun yi zaɓe.

BVAS da IReV ba an ce sun kashe maguɗi ba?

Sun rage wani iri, ba su taɓa wani irin ba. BVAS ita ce na'urar tantancewa, tana riƙe adadin mutanen da aka tantance a rumfa, kuma dokar 2022 ta ce in ƙuri'un da ke akwati suka fi wannan adadi a soke rumfar. Da can da yawan masu rajista ake aunawa, wanda ya bar ƙofa a buɗe, rumfa mai mutum 700 in 200 suka fito sai a dangwale sauran 500 babu mai cewa uffan. Wannan kam ta yi wuya yanzu.

IReV kuma shafin intanet ne da ake ɗora hoton takardar sakamakon rumfa, wadda ake kira EC8A, don kowa ya gani. A ranar 25 ga Fabrairun 2023 na 'yan majalisa suna hawa na shugaban ƙasa suka ƙi, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, jama'a da yawa ba su yarda ba, kuma a ganina babu abin da ya zubar da mutuncin zaɓen nan kamar wannan, don hukumar ce da kanta ta yi ta alƙawari. Daga baya kotu ta ce shafin na kallo ne, ba da shi ake tattara sakamako ba. Tattarawar da hannu ake yi, daga rumfa zuwa mazaɓa, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, kuma a wannan hanyar ne cikin dare 17 ke komawa 170. Tsohuwar maganar nan ta a kasa, a tsare, a raka ba ta tsufa ba. Ka tsaya a ƙirga, a liƙa sakamako a bango, ka ɗauki hoto, wakilin jam'iyya kuma kar ya bar wurin ba tare da kwafinsa ba.

Mene ne inkwankulusib?

Kanawa ba sa buƙatar a fassara musu. Idan aka soke zaɓe a wasu rumfuna saboda rikici ko aringizo, sai a duba yawan masu ƙuri'a a wuraren, in sun fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba za a sanar da wanda ya ci ba sai an sake a can. A takarda dokar tana da ma'ana. A aikace ta koya wa 'yan siyasa cewa in ka ga za ka faɗi ka tura yara su fasa akwati a inda abokin hamayya ke da ƙarfi, sannan ranar cikon ka tattara duk ƙarfinka a rumfuna kaɗan. A Kano 2019 Abba yana gaba da 26,655 aka ce bai kammalu ba, aka koma mazaɓar Gama da wasu wurare ranar 23 ga Maris, Ganduje ya ƙare a gaba da tazarar da ba ta kai dubu 9 ba. Kowane ɓangare da labarinsa a kan wannan rana, kotuna dai sun tabbatar da Ganduje.

In an ba ni kuɗi ko taliya in karɓa? Ai kuɗinmu ne suka sata.

A dokar 2022 mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne, tarar naira dubu 500 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun, kodayake kamun bai taka kara ya karya ba. Masu cewa ka ci kuɗinsu ka zaɓi ra'ayinka sun manta masu sayen ba wawaye ba ne, sai ka ɗaga takarda wakilinsu ya hango ko ka ɗauko hoto kafin a biya, shi ya sa tun 2018 INEC ta hana shiga wurin dangwale da waya. Wasu kuma rantsuwa suke sa mata su yi.

Ba zan zauna in zagi matar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba don ta karɓi atamfa da dubu biyu. Wanda ya ba ta shi ne abin tuhuma. Amma ɗan boko mai albashi da ke karɓar nasa a matsayin kuɗin kwamiti ko na ɗawainiya sannan ya hau Facebook yana cewa talakawa sun sayar da 'yancinsu, shi ma ya san abin da ya yi. Yawaitar sayen ƙuri'a a rumfa ma wata shaida ce cewa ƙuri'ar ta fara tsada, lokacin da ake rubuta sakamako a ɗakin otal wa ya damu ya ba ka ko sisi.

Me ya sa kullum sai a kawo mana 'yan takarar da babu na zaɓe a ciki?

Don ainihin zaɓen an gama shi tun a fitar da gwani, lokacin da yawancinmu ba ma kallo. A Najeriya babu ɗan takara mai zaman kansa, sai jam'iyya ta tsayar da kai. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40. Atiku ya zama ɗan takara da ƙuri'ar daliget 371, Tinubu da 1,271. Wato 'yan dubbai ne suka tace wa mutum miliyan 93 waɗanda za su gani a takarda, daliget ɗin kuma kowa ya san a hannun gwamnoni suke, ga daloli na yawo. An rage shekarun takara a 2018, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, amma ba a rage kuɗin ba. Mai son canji na gaske ya yanki katin jam'iyya ya riƙa zuwa taron mazaɓa, wurin da ba a ɗaukar hoto.

Ya za a yi mu zaɓi mutum kotu ta ba wani?

Mai ƙorafi yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60. Matsalar ita ce shari'o'i da yawa ba a kan wa ya fi ƙuri'a ake yanke su ba. A Zamfara 2019 APC ta cinye komai, kotun ƙoli ta ce ba ta yi sahihin zaɓen fitar da gwani ba don haka ƙuri'unta asara ne, Matawalle na PDP ya zama gwamna. A Bayelsa 2020 ana gobe rantsuwa aka cire David Lyon saboda takardun mataimakinsa. A Imo wanda INEC ta ce ya zo na huɗu shi kotu ta ba. Lauya zai ce maka doka ce, kuma jam'iyyun ne suka jawo da rashin bin ƙa'idarsu. Mai ƙuri'a dai haushi yake ji, kuma yana da gaskiya.

Sak ya fi ko wake da shinkafa?

Sak na nufin jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, kuma da ita mutane da yawa da ko unguwarsu ba za su ci ba suka shige majalisa a guguwar Buhari ta 2015. Takardun daban-daban ne, akwatunan ma daban, babu abin da ya hana ka ba wannan jam'iyya shugaban ƙasa ka ba waccan sanata. Ni ina tare da a duba mutum.

Mata fa, tun yaushe suke zaɓe a Arewa?

Ba da daɗewa ba kamar yadda ake zato. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa an hana su, haka aka yi jamhuriya ta farko gaba ɗaya. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri da duka a kan wannan fafutuka, sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970 aka ba su dama. A 2023 su ne kashi 47 da ɗoriya na rajista, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfa a Kano ko Katsina ya san layinsu ya kan fi na maza tsawo da haƙuri. Amma har yanzu ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba a ƙasar nan, a majalisar dattawa mai kujeru 109 kuma ba su cika biyar ba bayan zaɓen 2023.

Zaɓen ƙananan hukumomi me ya sa jam'iyyar gwamna ke cinye duka?

Don ba INEC ke yinsa ba sai a Abuja, hukumar zaɓen jiha ce, gwamna ne kuma yake naɗa ta. A Kano APC ta cinye 44 cikin 44 a 2018 da 2021, NNPP ta cinye 44 cikin 44 a 2024. Haka yake kusan ko'ina, ko wace jam'iyya ce.

Dole ne sai na yi zaɓe? Ɗan'uwana da ke Saudiyya fa?

Ba dole ba ne a nan. A Ostareliya dole ne tun 1924, wanda bai je ba babu uzuri tara ake cinsa. Na ƙasashen waje kuwa a duk zaɓukan da aka yi zuwa 2023 ba su da hanyar jefawa daga can, sai dai mutum ya dawo gida rumfar da ya yi rajista.

Ɗan majalisarmu tun da ya tafi ba mu sake ganinsa ba, za mu iya yi masa kiranye?

Tsarin mulki ya yarda, sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya. Sai fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, INEC ta zo ta tantance sa hannun rumfa-rumfa, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Ka lura, rabin masu rajista aka ce, a ƙasar da kashi 27 ke fita babban zaɓe, wato ana neman mutanen da suka fi waɗanda suka zaɓe shi tun farko yawa nesa ba kusa ba. An gwada a kan Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018, ranar tantancewa kashi 5 da 'yan kai kawai aka samu. An sake gwadawa a kan Natasha Akpoti a 2025 INEC ta ce koken bai cika adadi ba. Gwamna da shugaban ƙasa kuma ba a yi musu kiranye, majalisa ce kaɗai ke iya tsige su.